Mawaƙan da Na Riƙe, da Waɗanda Na Goge daga Kwamfutata

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Fagge ne a birnin Kano, kuma kusan rabin rayuwata a cikin waƙa na yi shi. Ban taɓa shiga situdiyo na rera ko baiti ɗaya ba, amma waƙa ce ta ciyar da ni da mahaifiyata da ƙannena. Na fara da kwafar kaset, na koma faifan CD, daga baya na kafa tebur da kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre ina tura wa mutane waƙa a memori. Mai wannan sana'a ba shi da zaɓin abin da zai ji. Abin da mai saye ya nema shi kunnenka zai sha, tun safe har magariba. Shi ya sa in aka tambaye ni wane mawaƙin hip hop na fi so, wanne kuma ba na ƙaunar ji, ba na iya kama suna ɗaya in yi shiru. Amsar tana haɗe da rasuwar mahaifina, da wani abokina da ya bar Kano bai dawo ba, da ƙanena da Allah ya dawo mana da shi bayan mun kusa fid da rai.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tela ne. Kekensa na ɗinki yana wata rumfa kusa da Kantin Kwari, rediyonsa kuma kullum tana gefen keken. Da safe labaran BBC, da rana Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos. Bai hana mu jin waƙa ba, amma yana da doka guda: duk abin da ba za ka iya maimaitawa a gaban uwarka ba, kada ya shigo masa gida. Yayana kuwa zuciyarsa tana Sabon Gari. Tsakaninmu da can ba nisa, yana tsallakawa ya buga ƙwallo, ya dawo da kaset a aljihu wanda aka rubuta sunan mawaƙin da biro a jikinsa.

Ina ajin farko na sakandare aka harbe Tupac Shakur a Las Vegas. Ya cika ranar 13 ga Satumba 1996, yana da shekara 25. Ni ban ma san shi ba a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne Yaya ya shigo rai a ɓace ya ƙi cin tuwo, Umma tana ta tambayarsa wa ya rasu. Da ya ce wani mawaƙi ne a Amurka, sai ta yi tsaki ta ce ya tashi ya ci abincinsa. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Wane irin mutum ne wannan da zai mutu a wata uwa duniya, a ƙi cin tuwo saboda shi a Fagge?

Da Yaya ya fita sai in ɗauko rikodarsa in shige soro. Batir tsada gare shi, don haka ba a mayar da kaset baya da rikoda. Biro ake zurawa a ramin kaset ɗin a yi ta juyawa da hannu. In zaren ya tsinke, a ɗauko jan farcen yayarmu a ɗiga kaɗan, a haɗa bakin biyu a jira ya bushe. Wurin da aka liƙe kullum sai muryar ta ɗan shaƙe in an zo kansa. Har yau in na ji wasu waƙoƙin a waya, kunnena yana jiran wannan shaƙewar a daidai gurbinta.

Turancina bai kai ya kamo maganar mutumin da ke zuba kalmomi ba numfashi ba. Wanda ya buɗe mini ƙofa wani abokina ne ɗan ƙabilar Ibo, mahaifinsa yana sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. A Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Mukan zauna da littafin rubutu, a saki layi ɗaya a tsayar, ya rubuta ya fassara mini. Wani wurin shi ma ya gagare shi, sai mu bar fili mu wuce. Ta haka na koyi Turancin da ya taimake ni a jarrabawar kammala sakandare.

Baba ya rasu ina ajin ƙarshe, bayan jinyar da ta cinye ɗan abin da ya tara har da keken ɗinkin. Yaya ya tafi Legas neman kuɗi. Umma tana fita takaba ta fara suyar ƙosai da dama koko a ƙofar gida, ita da tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa zama a waje da sunan sana'a ba. Ni ne mai kai markaɗe. Kafin kiran assalatu ta surfa wake ta wanke, in ɗauki bokiti in tafi inji, in dawo in tarar ta hura wuta, hayaƙi ya sa idonta ya kaɗa ya yi ja. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sai dai da daddare in ji ta tana lissafin kuɗin makarantar ƙannena a hankali, tana zaton mun yi barci.

A wannan lokacin ne waƙar Dear Mama, wadda Tupac ya fitar a 1995 cikin kundinsa Me Against the World, ta zama tawa. Na daɗe da sanin fassararta, amma sai a lokacin ta shige ni. Mutum ne yake gode wa mahaifiyarsa, Afeni Shakur. Bai ɓoye talaucin da suka sha ba, bai ɓoye rashin uba a gida ba, bai ma ɓoye cewa ita kanta ta taɓa faɗawa shan ƙwaya ba, amma duk da haka ya ɗaga darajarta sama da kowa. Mu Hausawa muna da kunya a kan iyaye. Ɗa ba ya tsayawa gaban uwarsa ya ce yana sonta, ya lissafa mata wahalar da ta sha dominsa. Abin yana nan cunkushe a ƙirji, ba ƙofar fita.

Wata rana da hantsi an gama suya, tana kankare kasko, na kunna waƙar a hankali daga bakin soro. Ta ce, "Wai kai wannan mutumin me yake ta faɗa ne haka, kullum shi ke nan?" Na ce, "Umma, mahaifiyarsa yake yi wa godiya." Ta ce in faɗa mata ta ji. Na fassara mata baiti bayan baiti iya yadda zan iya, kaina a sunkuye. Da na gama ta ce, "Ashe can ma ana shan wahala. Allah ya yi masa albarka." Na ce ai ya rasu, shi ne wanda Yaya ya ƙi cin tuwo dominsa. Ta ajiye kaskon ta ce, "Inna lillahi. To Allah ya ba uwar haƙuri." Daga ranar ba ta sake cewa in kashe ba in dai wannan waƙar ce, kuma na san ta gane cewa ba saƙon Tupac kaɗai na isar mata ba.

Tupac ba waliyyi ba ne. Lokacin da wannan kundi ya hau matsayi na ɗaya a Amurka yana gidan yari, bayan kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mata. Yana da waƙoƙin zagi da gaba waɗanda ko a ƙuruciya ban iya saurara har ƙarshe ba, musamman na rigimarsa da Notorious B.I.G., wanda shi ma aka harbe a Los Angeles a watan Maris 1997 yana da shekara 24. Amma in ya juya ya yi magana a kan uwa, ko yarinyar da ta yi ciki tana ƙarama ba mai jin ƙanta, ko yadda 'yan sanda ke mu'amala da baƙar fata, za ka ji mutum ne da ya gani da idonsa. Shi ne na farko a wurina, kuma har yau ba wanda ya ture shi.

Sai da na girma na gane cewa abin da ya ja ni wurinsa shi ne abin da ya ja Baba wurin Ɗan Maraya. Mai kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi magana kan auren dole, ya ɗaga mutanen da ba mai waiwayarsu. Da wannan nake auna kowane mawaƙin gambarar zamani, wato hip hop: shin abin da ya gani a unguwarsu yake ba da shaida a kai, da harshen da ya ji a can? In haka ne ina tare da shi ko kiɗan bai yi daɗi ba.

Bayan sakandare ban samu ci gaba da karatu ba, kuɗi babu. Wani bawan Allah ya ɗauke ni yaron shago a wajen Bata, inda yake sayar da kaset da CD. A can nake lokacin da Eedris Abdulkareem ya saki Jaga Jaga a 2004. A Kano aka haifi Eedris, a nan ya tashi kafin ya tafi Legas ya yi suna da ƙungiyar The Remedies, don haka muna ganinsa namu ne. Waƙar ta faɗi abin da kowa ke faɗa a teburin mai shayi, cewa ƙasa ta hargitse kuma talaka ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Shugaba Obasanjo ya fusata ya mayar masa da martani a bainar jama'a, aka hana sa ta a rediyo, mu kuwa a shago ba mu huta da kwafarta ba. Masu sukar Eedris suna cewa ba shi da gwanintar jera kalmomi, wani lokaci ma surutai yake cike gurbi da su. Akwai gaskiya a ciki. In gwaninta ake nema, Modenine ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma faɗa wa mai mulki gaskiya yana kan kujera ba kowa ke iyawa ba, kuma saboda wannan nake girmama shi.

A watan Mayun wannan shekarar rikici ya ɓarke a Kano, bayan kashe-kashen da aka yi a Yelwan Shendam ta jihar Filato. An rasa rayuka, an ƙona dukiya, aka sa dokar hana fita. Iyalin abokina suka fake a bariki, da ƙura ta lafa mahaifinsa ya kwashe su suka koma Kudu. Ba mu yi sallama ba. Wayar hannu a lokacin sai wane da wane, ba ni da lambar da zan kira. Littafinmu yana hannuna har yau, da rubutunsa a ciki, da guraben da muka bari. Duk sanda na ji Jaga Jaga shi nake tunawa, domin abin da waƙar ke faɗa a kan titinmu muka gan shi.

A wancan zamanin ne kuma guguwar 50 Cent, mawaƙin Amurka, ta iso. Kundinsa Get Rich or Die Tryin' ya fito a 2003, kafin ka ce kwabo singileti da huluna masu tambarin ƙungiyarsa ta G-Unit sun cika kasuwa, samari suna ɗaure kai da ƙyalle, wando yana zamewa daga ƙugu. Shi ne wanda na fara ƙi a cikin mawaƙan nan. Ban musa cewa kiɗansa yana da daɗi ba. Dr. Dre da Eminem ne suka tsaya masa, kuma ya iya amshin da ke maƙale wa mutum a kai ya wuni yana maimaitawa. Gaskiya ne kuma an harbe shi sau tara a shekarar 2000 ya rayu. Abin da ya raba ni da shi shi ne abin da ya yi da wannan jarrabawa. Mutumin da Allah ya kuɓutar daga harsashi tara, na sa ran zai ce wa na baya kada su biyo wannan hanya. Sai na ga tabon ya zama abin talla. Saƙon da samarinmu suka ɗauka daga gare shi shi ne a yi kuɗi ko a mutu wajen nema. Ni da na ji uwata tana lissafin cinikin koko da tsakar dare na san darajar kuɗi, kuma na san ba ta taɓa sayar da mutuncinta ba don ta same su. Mace kuwa a waƙoƙinsa da bidiyonsa abin ƙawata wuri ce kawai. Na sayar da faifansa saboda shagon ba nawa ba ne, amma ban taɓa kai shi gida ba. Wasu abokaina suna cewa haushin rigimar da aka yi tsakanin mutanensa da Eedris kan kujerar jirgi a Legas a Disamba 2004 nake ji. Tun kafin nan ra'ayina ya zauna.

Akwai kuma waɗanda ba a cika nema a shago ba, ni nake ajiye wa kaina. Nas da kundinsa Illmatic na 1994, wanda ya zana unguwarsu ta Queensbridge a New York har ka ji kamar ka taɓa kwana a can. Da Mos Def, wanda yanzu ake kira Yasiin Bey, da ya buɗe kundinsa Black on Both Sides na 1999 da Bismillah. Ranar da na fara jin haka sai da na mayar baya don in tabbatar kunnena bai yi ƙarya ba.

Da kaset ya mutu, CD ya fara ja da baya, wayoyi masu memori suka shigo, sai na haɗa ɗan abin da na tara, Yaya ya cika mini daga Legas, na sayi tsohuwar kwamfuta na kafa tebur a Farm Centre. Laima, benci, 'yar sifika, da wayar wuta da muke ja daga janareton maƙwabci muna biya kullum. Mutum ya miƙo memori ya ce, "Oga, cika min, ka haɗa da na Indiya da wa'azi."

A wannan tebur na tabbatar ana iya hip hop da Hausa, a kuma yi shi da kyau. Akwai irin su Billy-O da suka daɗe suna bugawa, amma wanda ya kama ni sosai shi ne Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Lokacin Kano ta yi zafi ga 'yan fim da mawaƙa. Daga 2007 Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ta tsaurara matakai, aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan bidiyonsa na Bahaushiya, 'yan fim da dama suka koma Kaduna. Jama'a suka rabu biyu, wasu suna ganin gyaran tarbiyya ne, wasu suna ganin an wuce gona da iri. A cikin wannan yanayi Ziriums ya yi Girgiza Kai, ya yi magana kai tsaye kan halin da masu fasaha suke ciki. A 2009 kotu ta haramta wasu waƙoƙi 11, tana cikinsu. Ba a sa ta a rediyo, ba a kasa ta a kasuwa, amma Bluetooth ya kai ta daga waya zuwa waya har ƙauyuka.

Tsaurin idonsa ya burge ni, amma Hausarsa ta fi burge ni. Ba Turanci yake juyawa ba. Karin magana ne da habaici da zambo, irin wanda 'yan gambara da 'yan kama suke yi a bakin kasuwa tun kafin a haife mu, da irin kirarin da ɗan dambe ke yi kafin ya shiga fage. In ka cire kiɗan ka bar kalmomin, dattijon da bai taɓa jin sunan Amurka ba zai gane inda aka dosa ya yi murmushi. Daga baya ya koma Abuja, ya fitar da kundinsa This Is Me a 2010. A cikin mawaƙan gida shi ne a gaba a wurina.

Fataken Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sarin waya su suka fara kawo mini na Nijar. A memorinsu na fara jin Kaidan Gaskia na Yamai, suna haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Mukan yi musaya, su ba ni nasu in ba su namu. Daga Jos kuma M.I Abaga ya fito da Talk About It a 2008, Ice Prince ya biyo da Oleku a 2010, suka nuna cewa wanda ya tashi a Arewa zai iya zuwa Legas ya zauna a sahun gaba. Ranar da na ji Classiq, ɗan Bauchi, ya shiga da baitin Hausa a sabon zubin waƙar King Kong ta Vector a 2015, kafaɗa da kafaɗa da Phyno mai yi da Ibo da Reminisce mai yi da Yarbanci, sai da na ƙure sifikata maƙwabta suka taru. B.O.C Madaki, shi ma ɗan Bauchi, yana da zurfin kalma da ke sa in tsayar da waƙa in yi tunani. DJ AB na Kaduna kuwa yara ne suka fi ni sonsa. Ina yaba masa barkwanci da yadda ya iya kama maganar da matasa ke yi a titi, ko da yake ba kowace waƙarsa ce ta zauna mini ba.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi a baki.

Autanmu yana ƙarami sosai Baba ya rasu. Ni na raine shi, daga kuɗin teburin nan na biya masa makaranta. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ladabi. Wajen 2016 muka fara ganin canji. Barci da rana tsaka, magana a jaye, ido a lumshe, robar lemo ba ta barin hannunsa. Umma ta zaci shawara ce, ta yi ta jiƙa masa saiwoyi. Ni da ke wuni a kasuwa na san abin da ake zubawa a robar lemo. Ranar da na ɗaga katifarsa na ga kwalaben maganin tari mai kodin a jere, ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa. Ba gidanmu kaɗai ba ne. A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba kusan miliyan 3 na wannan magani kullum a jihohin Kano da Jigawa. Bayan binciken da BBC ta fitar a 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi.

Ba zan ɗora wa wani mawaƙi alhakin abin da ya sami ƙanena ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Akwai abokai, akwai zaman banza bayan gama sakandare, akwai masu sayarwa da suka san abin da suke yi, akwai maraicin da bai taɓa furtawa ba. Amma na duba wayarsa, na ga abin da yake kwana yana ji. A Amurka an daɗe da wani salo da ke yabon wannan haɗin na kodin da lemo, kofi a hannu, murya a narke, kiɗa yana jan ƙafa, wasu namu na gida kuma suka kwaikwayo har da Hausa. Yaro yana jin kunyar abin da yake yi har sai ya ji wanda yake ganin girmansa yana alfahari da shi. Su kansu masu yin ba su tsira ba. Juice WRLD ya mutu a Disamba 2019 yana da shekara 21, binciken likitoci ya nuna kodin da wata ƙwaya mai kashe raɗaɗi ne suka yi masa yawa. Shi tausayinsa nake ji, domin a waƙoƙinsa ma kuka yake yi da halin da ya samu kansa.

Na zauna a teburina na bi fayil bayan fayil, duk waƙar da ke tallar kwalba ko ƙwaya, ta waje ko ta gida, na goge ta. Yaro zai zo ya ce, "Oga, ba ka da sabuwar wane?" In ce, "Babu, ƙanena, gwada gaba." Wasu su yi tsaki su wuce teburin kusa, ciniki ya ragu, ban dawo da ko ɗaya ba. Waɗannan su ne mawaƙan da na fi ƙi a duniya, sun wuce 50 Cent a wurina.

Kusa da su akwai wani rukuni da ke ba ni takaici. Yaro ya tashi a Kurna ko Rijiyar Lemo, ya san layin famfo, ya san ɗauke wuta, ya san uban da ke fita da asuba ya dawo da kwanon masara ɗaya, amma in ya shiga situdiyo sai ka ji bindiga da dala da matan da bai taɓa gani ba. Motar da ke bidiyon haya aka ɗauko, sarƙar wuyan ta aboki ce, lafazin ma na wani ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Ga labari a ƙofar gidansu wanda ba wanda zai iya ba da shi sai shi, ya tsallake ya tafi neman na mutanen Atlanta.

Jinyar ƙanena ta ɗauki lokaci. Asibiti, magani, komawa ruwa, sake farawa. Umma ta rame, sallar dare ba ta wuce ta. Na ɗauke shi daga unguwa na zaunar da shi kusa da ni a kasuwa, wani maƙwabcina mai gyaran waya ya karɓe shi almajiri. Alhamdulillah, yau shi ne ke canza gilashin waya da gyaran wurin caji a shagonmu, hannunsa ba ya rawa. Shi ne ma ya kawo mini Kendrick Lamar. Wata rana ya miƙo mini abin sauraro na kunne ya ce, "Yaya, ji wannan, ba yabon giya yake ba, labarin yadda ta cinye danginsu yake bayarwa." Swimming Pools ce, daga kundinsa na 2012 da ya ba da labarin tasowarsa a Compton. Mutumin nan ya karɓi Pulitzer, babbar lambar yabo ta Amurka, a 2018, amma ni abin da ya shigar da shi raina shi ne ganin yaron da kwalba ta kusa kashewa yana yi mini bayanin waƙar da ke gargaɗi a kanta. Akwai ashar a bakin Kendrick, kamar yadda take a bakin Tupac da Nas, don haka ba su tsallake dokar Baba ba. A kunne nake jin su, ba a tsakar gida ba.

Sana'ar tura waƙa ta ja baya tunda data ta yi sauƙi, kowa ya koma YouTube da Audiomack. Yanzu caja da gidan waya da batir muke sayarwa, ga gyara a gefe. Amma yaran unguwa sun san ni da kunne, suna kawo mini abin da suka rera in saurara. Kwanakin baya wani ya zo da tasa, cike da daloli da barazana. Na saurara har ƙarshe, na ce kiɗan ya yi, numfashinsa ma ya yi, sannan na tambaye shi sana'ar mahaifinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce ɗan garuwa ne. Na ce, "To ina shi a cikin waƙar?" Ya tafi bai ce komai ba, na ɗauka ya yi fushi. Sai ga shi ya dawo da takarda a ninke, baitoci a kan mutumin da ke tura kura mai jarkoki daga rijiyar burtsatse zuwa gidajen da ba a ko tambayar sunansa, da yadda kafaɗarsa ta yi kanta, da man zafin da matarsa ke shafa masa da daddare. Ƙafiyar tana da gyara a wurare biyu, mun zauna mun gyara tare. Mako mai zuwa zai shiga situdiyo a Zoo Road, ni da ƙanena mun ɗauki rabin kuɗin.